Wace hukuma ce ke riƙe da birnin Kano, kuma wa ke haɗa ayyukanta?

Mazaunin Kurna ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina da tambaya wadda nake fatan waɗanda suka san aikin gwamnati daga ciki za su warware mini ita. Ina zaune ne a yankin Kurna, inda iyakokin ƙananan hukumomin Dala da Fagge da Ungogo suka kusanci juna, har ta kai mutum yana iya kwana a ƙaramar hukuma ɗaya, ya kai 'ya'yansa makaranta a ta biyu, ya buɗe shagonsa a ta uku. Babban titin da ya ratsa mu, wato titin Katsina, na gwamnatin tarayya ne, ruwan famfo na hukumar ruwa ta jiha ne, wutar lantarki ta kamfani ce, shara kuwa kowa da hukumar da yake ambata. Idan damina ta sauka lambatu ya toshe, ruwan da ya taso daga wata ƙaramar hukumar gidajen wata yake shiga.

Mutanen da ke zaune a nan ma ba iri ɗaya ba ne. Akwai Kanawan da cikin ganuwa ya yi wa kaɗan suka fito, akwai 'yan kasuwa daga Katsina da Zamfara da Nijar, akwai Barebarin da rikicin Borno ya koro, akwai Yarbawa da 'yan ƙabilar Ibo masu shaguna, ga kuma almajirai daga ƙauyuka na kusa da na nesa. Tambayata kashi biyu ce. Shin akwai hukuma guda da za a ce ita ce ke da alhakin birnin Kano baki ɗayansa, in kuwa babu, wa ke zaunar da waɗannan hukumomi don aikin wannan kada ya rushe na wancan? Sa'an nan a dokance, wa ake yi wa aikin: duk wanda ke zaune a wurin, ko kuwa ɗan asalin ƙaramar hukumar kaɗai?

Tsohon Akawu ya amsa:

Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, amsar tambayarka ta farko ita ce babu. A dokance ba a san wata hukuma mai suna gwamnatin birnin Kano ba. Abin da muke kira birni da kewaye ƙananan hukumomi takwas ne daga cikin 44 na jihar: Birni, Dala, Gwale, Fagge, Nasarawa, Tarauni, Kumbotso da Ungogo, kowace da shugabanta da kansilolinta da kasafin kuɗinta, kuma babu wadda take sama da wata. A ƙidayar 2006 mutanen waɗannan takwas ɗin sun kai kimanin miliyan 2.8, kuma tun daga lokacin gari ya ci gaba da cin gonaki har ya shiga ƙasar Gezawa da Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, inda kasuwar hatsi ta Dawanau take.

Jadawali na huɗu na kundin tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa ƙaramar hukuma ayyukan da talaka ya fi buƙata a kullum: kwashe shara, kula da kasuwanni da tashoshin mota da mayanka da maƙabartu, gina ƙananan tituna da magudanan ruwa, sa wa layuka suna da gidaje lamba, rajistar haihuwa da mutuwa da aure, da kuma sa hannu a harkar makarantun firamare da ƙananan asibitoci. To amma a cikin Kano kusan kowane ɗaya daga cikin waɗannan ayyuka gwamnatin jiha ta kafa masa hukuma tata. REMASAB ce ke kwashe shara, KNUPDA ce ke tsara gari da ba da izinin gini, KAROTA, wadda aka kafa a zangon mulkin Kwankwaso na biyu, ita ce ke kula da zirga-zirgar ababen hawa a kan titi, SUBEB na riƙe da firamare, akwai kuma hukumar kula da lafiya a matakin farko. Ruwan da ake tacewa a Challawa da Tamburawa da Watari na hukumar ruwa ne, wuta kuwa tun 2013 ta koma hannun kamfanin KEDCO, wanda Kano da Katsina da Jigawa yake rarraba wa, kuma ba ya ƙarƙashin kowane shugaban ƙaramar hukuma. Kowace daga cikin waɗannan hukumomin jiha tana kai rahotonta ne ga kwamishinanta ko kai tsaye ga gwamna. Ke nan wurin da dukkan igiyoyin suke haɗuwa shi ne majalisar zartarwar jiha, wadda a lokaci guda take da Doguwa da Sumaila da Ɓagwai a wuyanta. Gwamna shi ne magajin garin Kano a aikace, ko da yake ba don wannan aka zaɓe shi ba.

Abubuwa biyu ne suka ƙara ɗaure ƙananan hukumomin birni, kuma a kansu nake so ka tsaya. Na farko ƙasa. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta sa duk filin da ke cikin yankin da aka ayyana a matsayin birni a hannun gwamna, saboda haka shugaban ƙaramar hukuma ba shi da ikon ware fili don makaranta ko maƙabarta ko wurin tara shara sai ya nema a sama. Alhali kuwa yawancin sababbin unguwanni awon igiya ne: mai gona ya yanka gonarsa ya sayar, a gina gidaje ba tare da an bar hanyar ruwa ko hanyar da motar shara za ta shiga ba, sai bayan an cika wurin hukuma take sanin an yi unguwa. Na biyu kuɗi. Ƙananan hukumomi 774 na ƙasar nan suna samun kashi 20.6 cikin ɗari na asusun tarayya, kuma wajen rabawa kashi 40 ana yin raba-daidai ne, yawan jama'a kashi 30 kawai yake ɗauka. Ka dubi Fagge: a ƙidayar 2006 mazaunanta kimanin 200,000 ne kawai, amma a cikinta Kantin Kwari da Singa da kasuwar Sabongari suke, kuma da rana jama'ar da ke shigowa daga ko'ina suna barin shara da cunkoso waɗanda ba a lissafa su a rabon kuɗi ba. Ga kuma asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi da sashe na 162 ya tanada, wanda ta cikinsa kuɗin suke biyowa, ana cire na albashin malamai da na ayyukan haɗin gwiwa kafin su iso. A ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kai tsaye, ta kuma haramta naɗa kantomomi a madadin zaɓaɓɓu, sai dai hukunci daban, sauya al'adar aiki daban. Shi ya sa idan na ji ana zagin ciyaman a kan ruwa ko wuta nakan ce an bar jaki ana dukan taiki.

Ba haka abin yake ba tun asali. A zamanin En'e, wato hukumar gargajiya da Sarki ke shugabanta tun lokacin Turawa, hukuma guda ce ke da baitulmali da asibiti da ma'aikatar ayyuka da 'yan doka, kuma da kuɗin En'e aka yi aikin ruwa da wuta na Challawa a farkon shekarun 1930, zamanin Sarki Abdullahi Bayero. Ba ina cewa a koma can ba ne, domin talaka ba shi da bakin magana a wancan tsari, kuma waɗanda suka yi gwagwarmayar jam'iyyar NEPU sun san abin da suka sha. Amma mutum ya san ƙofar da zai buga. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 da karkasa su da aka yi ta yi daga baya sun kusantar da hukuma ga ƙauye, birni kuwa suka yayyanka shi.

Malamar Sabongari ta amsa:

Ina gaishe ka, Baba Akawu, Allah ya ƙara girma. Bayaninka ya gamsar a kan kashin farko, ni kuwa kashi na biyu zan taɓa, domin a kansa rayuwata take. A Kano aka haife ni, a Kano aka haifi mahaifina, kakana ne ya zo daga ƙasar Yarbawa yana aikin jirgin ƙasa, kuma Hausa ce harshen da nake koyar da yara ƙanana da shi.

A ayyukan yau da kullum gaskiya ba a tambayar asali. Mai zuwa awon ciki ba a ce mata ta kawo takardar ƙaramar hukuma, mai yin rigakafi ba ya tsallake gida saboda sunan mai gidan, motar shara ma ba ta san ƙabila ba. Inda bambanci yake fitowa shi ne wajen abin da ake rabawa da ƙidaya: gurbin aikin gwamnati, tallafin karatu, rangwamen kuɗin makaranta a manyan makarantun jiha, da tsayawa takara. A nan ne ake neman takardar shaidar zama ɗan asalin ƙaramar hukuma, wadda sai mai unguwa da dagaci da hakimi sun sa hannu kafin a bayar. Sashe na 42 na kundin tsarin mulki ya hana nuna wa ɗan ƙasa bambanci saboda ƙabilarsa ko wurin da ya fito, amma kundin nan dai shi ne ya kafa tsarin raba muƙamai bisa asalin jiha, kuma bai fayyace shekara nawa mutum zai zauna a wuri kafin ya zama ɗan wurin ba. Wannan giɓin ne aka bar wa masu sa hannu su cike, kowa da yadda ya ga dama. Duk wanda ya bi labarin Jos ta Arewa tun da aka ƙirƙiro ta a 1991 ya san inda wannan magana take iya kaiwa, kuma a can Hausawa ne ke tsaye a inda nake tsaye a nan.

Abin da ke ba ni mamaki shi ne tsohon birnin ya fi mu sanin yadda ake karɓar baƙo. Sunayen unguwanni sun isa shaida: Ayagi ta Yarbawa, Tudun Nufawa, Zangon Barebari, Agadasawa, Dandalin Turawa inda Larabawan Arewacin Afirka suka zauna. An ba kowa wuri da mai unguwa, ana karɓar harajinsa, jikokinsa kuma suka zama Kanawa ba tare da wata takarda ba. Turawan mulki ne suka zo da wani tsari, suka keɓe Sabongari bayan isowar jirgin ƙasa a 1911, suka sa ta ƙarƙashin jami'insu maimakon Sarki, sai a 1940 aka mayar da ita hannun En'e. Har yanzu ba mu gama fita daga wannan rabuwa ba.

A yau abin da ke haɗa mazauna irinmu da hukuma shi ne shugabannin al'umma da ƙungiyoyi: Sarkin Yarbawa, Eze na 'yan ƙabilar Ibo, ƙungiyoyin garuruwa, majami'u da masallatai, da ƙungiyoyin 'yan kasuwa. Su ake kira idan za a yi rigakafi ko ƙidaya ko an ji ƙishin-ƙishin na tashin hankali. Suna da amfani ƙwarai, amma ba su da kujera a inda ake tsara kasafin kuɗi, saboda haka ana tuna su ne ranar da ake son a isar da saƙo, ba ranar da ake yanke shawarar inda za a gina makaranta ko a ƙara filin maƙabarta ba. Buƙatar maƙabarta kuwa ta Musulmi da Kirista ce baki ɗaya, kuma duka biyun wuri yana yi musu kaɗan.

Badamagare ya amsa:

Salamu alaikum, 'yan'uwa na Kano. Daga Damagaram nake rubutu, kuma na ga ya dace in faɗa muku yadda namu tsarin yake, don ku san cewa samun hukumar birni guda ba shi ne ƙarshen magana ba. Tun dokar 2010 manyan garuruwa huɗu na Nijar suke da matsayi na musamman: Yamai mai gundumomi biyar, Damagaram mai biyar, Maraɗi mai uku, Tawa mai biyu. Kafin 2024 kowace gunduma tana da magajin garinta, sa'an nan a samansu akwai majalisar birni da babban magajin gari, wanda kansilolin da jama'a suka zaɓa suke fitarwa daga cikinsu. Kasafin kuɗi na birnin ne gaba ɗaya, gundumomi kuwa su ne ke kusa da jama'a wajen takardun haihuwa da aure da ƙananan ayyukan unguwa. Sarakunan gargajiya suna da kujera a majalisar bisa doka, suna ba da shawara amma ba sa jefa ƙuri'a. Wannan kujera ita ce irin wadda Malama take cewa shugabanninsu ba su da ita. Kuma a wajenmu ba a neman takardar asalin gari kafin a ba mutum aiki. Takardar zama ɗan ƙasa ita ake tambaya, ko daga Agadas ka fito ko daga Diffa.

Amma ruwa da wuta ba sa hannun magajin gari. Wuta ta kamfanin NIGELEC ce, ruwa kuwa kamfanonin ƙasa ne ke riƙe da shi daga Yamai. Damagaram a kan dutse take zaune, daga nesa ake jawo mata ruwa, daga Gogo da Machaya da Arunguza da Ganaram, kuma idan bazara ta yi tsanani mutanen Birni da na Zango da na Sabongari duk layi ɗaya suke bi da jarkoki. Magajin gari ne ke shan ƙorafi alhali ba shi ne ke buɗe famfon ba. Harajin da birni ke tarawa daga kasuwa da tasha da sayar da filaye ba ya isa, har akan yi watanni ana bin hukumomin gari bashin albashin ma'aikatansu. Bayan haka, a watan Afrilun 2024 gwamnatin soja ta rushe dukkan majalisun da aka zaɓa a Disambar 2020 ta naɗa kantomomi. Hukumar birni tana nan da ofishinta da hatiminta, amma wanda ke zaune a kujerar yana duban wanda ya naɗa shi ne. Ina ganin abin da za ku ɗauka daga wajenmu shi ne kasafi guda da taswira guda ga gari guda, sauran kuwa ku yi hattara.

Mazaunin Kurna ya sake rubutawa:

Na gode muku duka, Allah ya saka da alheri. Baba Akawu, bisa abin da ɗan'uwanmu na Damagaram ya faɗa, shin kana ganin Kano za ta iya samun irin wannan hukuma ta birni ba tare da an taɓa kundin tsarin mulki ba? Kafin a kai ga haka kuma, mu da muke kan iyakar ƙananan hukumomi uku ta wace ƙofa ya kamata mu riƙa bi?

Tsohon Akawu ya sake amsawa:

Haɗe ƙananan hukumomin takwas su zama ɗaya ba abu ne mai yiwuwa a kusa ba, domin sunayensu suna cikin kundin tsarin mulki, kuma babu jihar da za ta yarda ta rage yawan ƙananan hukumominta alhali da yawan ake raba kuɗi. Legas ta gwada kishiyar haka a 2003, ta ƙirƙiro ƙarin 37 a kan 20 da take da su, gwamnatin Obasanjo ta riƙe kuɗin ƙananan hukumominta, aka dangana da Kotun Ƙoli, kuma har yau tarayya 20 ɗin ta sani. Abin da majalisar dokokin jiha take iya yi shi ne ta kafa hukumar da za ta rufe birnin duka. Kaduna ta yi haka a 2021 lokacin El-Rufa'i, ta kafa hukumomin birni na Kaduna da Zariya da Kafanchan, kowace da shugaban da gwamna ya naɗa. Kano ma ta taɓa samun tunanin gari guda, domin an yi mata tsarin raya birni na shekara ashirin, daga 1963 zuwa 1983, wanda ya dubi birni da waje a matsayin abu ɗaya.

Ni dai ina da shakka a kan ƙara wata hukuma a saman waɗanda ake da su, muddin naɗi ne zai kawo shugabanta. Mun ga yadda zaɓen ƙananan hukumomi yake gudana: a Janairun 2021 jam'iyyar da ke mulki ta cinye duka 44, a Oktoban 2024 wata jam'iyyar da ta karɓi mulki ita ma ta cinye duka 44. Wanda ya san ba ƙuri'ar Malama ce ta kawo shi ba, ba zai damu da ko tana da takardar asali ko ba ta da ita ba. A ganina abin da ya fi sauƙi kuma ya fi amfani shi ne doka ta tilasta wa shugabannin takwas ɗin da shugabannin hukumomin shara da ruwa da tsara gari da tituna su riƙa zama tare a kan jadawali sananne, da wakilan masarauta da na al'ummomin da ke zaune a garin, a kuma buga abin da aka yanke don jama'a su gani. An taɓa yin irin wannan a harkar shan inna. Bayan ƙauracewa rigakafin da aka yi a 2003, sai aka dawo aka haɗa ma'aikatar lafiya da ƙananan hukumomi da hakimai da masu unguwanni da malamai, aka ƙirga gida-gida ba tare da tambayar asalin kowa ba, aka riƙa zama bayan kowane zagaye ana bin diddigin wanda bai yi aikinsa ba. Yaro na ƙarshe da ƙwayar shan inna ta asali, ba wadda ta samo tushe daga rigakafi ba, ta kama a jihar Kano a Sumaila yake, a watan Yulin 2014, kuma a Agustan 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da ita. Ma'aikatan nan dai su ne, masu unguwannin nan su ne. Abin da ya bambanta shi ne an sa wa aikin ranar zama da mai tambaya.

Game da ƙofar da za ku bi kuwa, ku fara da ƙungiyar unguwa guda mai rajista wadda ta ƙunshi mazauna ɓangarorin uku, kowace ƙabila da wakilinta, domin takardar ƙungiya ta fi ta mutum ɗaya nauyi a kan tebur. Idan matsalar lambatu ce, ku fara gano ko babbar magudana ce ko ƙarama: ta gefen titin tarayya ofishin ma'aikatar ayyuka ta tarayya da ke Kano za ku rubuta wa, babbar da ta ratsa unguwanni ma'aikatar muhalli ta jiha, ta cikin layi kuwa sashen ayyuka na ƙaramar hukumar da layin yake ciki. Ku sa masu unguwannin uku su sa hannu a takarda ɗaya, ku ba kansilolinku da ɗan majalisar jiha kwafi, ku tabbata an buga muku hatimin karɓa da kwanan wata a kan kwafin da za ku riƙe. Kuma ku kai ta da wuri, tun kafin watan Satumba, domin a wannan lokacin ne ma'aikatu suke haɗa ƙiyasin kasafin shekara mai zuwa, aikin da bai shiga ciki ba kuwa sai wata shekarar.